Ƙasar Gaɓar Teku: Za Ta Yi Lambu Kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Aiki ne ya kawo ni wata gunduma da ke gaɓar teku, na samu gida mai fili a baya, tsakaninsa da bakin ruwa bai fi mita 400 ba. Na dasa tumatir da tattasai da latas, suka fara kyau, daga baya gefen ganyen ya riƙa ƙonewa kamar an kara masa wuta, musamman ɓangaren da ke kallon teku. Gaban filin farin rairayi ne, in na zuba ruwa kafin in juya ya shanye. Can ƙarshensa kuma akwai gangare mai baƙar laka, ruwa na kwanciya, wani lokaci yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan rijiyarmu yakan yi ɗan zartsi da rani. Na ƙara takin zamani, sai abin ya ƙara lalacewa. Shin wannan ƙasa za ta yi lambu, ko in haƙura in sayo ƙasa daga wani wuri?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, kana son sanin ko laifin ƙasar ne, ko kuwa akwai abin da ba ka yi daidai ba. Amsar a taƙaice ita ce ƙasar za ta yi lambu, amma ba duk filin ba, kuma ba da ruwan da kake amfani da shi a halin yanzu ba. Abin da ka bayyana ƙasa iri biyu ce a fili ɗaya, gishiri kuma yana iya shigo maka ta hanya uku. Sai an raba su ɗaya bayan ɗaya kafin a san inda za a sa kuɗi. Na daɗe ina aikin duba ƙasar noma da ba manoma shawara, kuma kuskuren da na fi gani a bakin teku shi ne mutum ya ji kalmar "ƙasar gaɓa" ya ɗauka abu guda ce.

Abin da ya sa ba guda ba ce shi ne yadda aka yi ta taru. Igiyar ruwa da iska suna tura yashi mai nauyi su jibge shi a tudu, shi ne farin rairayin gaban gidanka. Laka mai laushi kuwa ba ta zama sai inda ruwa ya natsu, wato bayan tudun yashi, bakin kogin da ke shiga teku, ko tsohuwar fadamar da ruwan teku ya taɓa shiga yana fita. Shi ya sa za ka yi taku hamsin kacal ka bar ƙasar da ba ta riƙe ruwa ko na awa ɗaya, ka shiga wadda ba ta sakin ruwa ko a mako.

Fara da haƙa rami

Kafin ka sayi komai, ɗauki shebur ka haƙa rami biyu, ɗaya a rairayin, ɗaya a bakin gangaren, kowanne zurfin kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya. Gani ya kori ji. Ka duba launi daga sama zuwa ƙasa. Ja ko ruwan ƙasa na nuna iska tana shiga. Toka-toka ko shuɗi-shuɗi na nuna ruwa yana kwanciya a wurin tsawon watanni, kuma saiwar kayan lambu ba za ta wuce wannan layin ba. In ruwa ya taru a gindin ramin, auna nisansa daga sama, ka sake aunawa bayan awa shida. A wasu filayen kusa da teku ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa yana sauka tare da cikar teku da janyewarsa.

Daga nan sai gwajin kwalba. Zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kwalba mai haske, cika da ruwa, sa ɗigon sabulun wanke kwano, girgiza sosai, ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, ƙasa mai laushi ta biyo baya cikin awa biyu, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Bambancin na girman ƙwaya ne: ta yashi tana tsakanin milimita 0.05 da 2, ta yumɓu ba ta kai 0.002 ba. Wannan ƙanƙantar ce ke ba yumɓu damar riƙe ruwa da abincin shuka, rashinta kuma ya sa rairayi ya zama kamar rariya. Zurfin mita ɗaya na rairayi ba ya ajiye wa shuka ko rabin ruwan da ƙasa mai gauraye ke ajiyewa.

Akwai ƙaramin gwaji na uku da ba ya cin komai. Ɗiga ruwan khal a kan busasshen rairayin. In ya yi kumfa yana tsuwa, akwai garin ɓawon kawa da katantanwar teku a ciki, ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsamin ƙasa wanda ƙaramar lamba ke nuna tsami mai yawa, zai kai wajen 8. A irin wannan ƙasa sinadarin ƙarfe yana nan amma shuka ba ta iya ɗaukarsa, sai ka ga sabon ganye ya yi ɗorawa alhali jijiyoyinsa kore ne. Mai irin wannan fili kada ya zuba toka ko farar ƙasa, don ƙara wa Borno dawaki ne. Ba kowane rairayin gaɓa ne haka ba, inda ake ruwan sama mai yawa wani ma tsami gare shi, don haka a gwada kafin a yanke hukunci.

Hanyoyi uku da gishiri ke shigowa

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Illarsa ga shuka ba ta da wuyar ganewa. Ka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, za ka ga ruwa ya fito. Haka yake yi wa saiwa: ƙasa tana jiƙe amma shuka tana fama da ƙishirwa, domin gishirin ya riƙe ruwan. Wanda ta sha kuma yana taruwa a gefen ganye ya ƙone shi. Takin zamani shi ma a ilimin sinadarai gishiri ne. Ka ga ke nan dalilin da ya sa abin ya ƙara lalacewa da ka ƙara shi: shukar da ke kukan ƙishirwa ka ba ta abin da zai ƙara mata ƙishi.

Hanya ta farko ita ce iska. Duk sanda igiya ta fashe, ƙananan ɗigon ruwan gishiri suna tashi, iska ta kwaso su ta shafa wa ganye. Alamarsa ita ce wadda ka faɗa da bakinka, ƙunar ta fi yawa a ɓangaren da ke kallon teku. Ka lura da itatuwan unguwarku, in duk sun karkata gefe ɗaya kamar an yi musu aski, to ba ka buƙatar wani awo. Maganinsa shinge ne, amma ba katangar bulo ba. Iska in ta daki katanga rufaffiya sai ta haye ta faɗo a bayanta tana juyi, ta ƙara ɓarna. Shingen da ake so shi ne wanda kusan rabinsa ƙofofi ne, kamar zana mai ɗan sakwa-sakwa, raga, ko jerin bishiyoyi masu jure gishiri. Irin wannan yana rage ƙarfin iska har nisan da ya kai tsayinsa sau goma, wato shingen mita biyu zai kare kusan mita ashirin. Mutane da yawa suna dasa bishiyar kasurina don wannan aiki, tana yi kuwa, sai dai saiwarta tana da kwaɗayi, a nisanta ta da fangali, kuma a wasu wurare kamar Florida ta Amurka an haramta dasa ta saboda yadda take mamaye daji. Bayan kowace guguwa, ka wanke ganye da ruwan daɗi da sassafe.

Hanya ta biyu ita ce ruwan da kake ban ruwa da shi, kuma a nan nake zargin babbar matsalarka take. A ƙarƙashin gaɓa, ruwan daɗi yana kwance ne a kan ruwan gishiri, saboda ya fi shi rashin nauyi. Wasu masana biyu, Badon Ghyben na ƙasar Holan da Herzberg na Jamus, sun gano lissafin abin fiye da shekara ɗari da suka wuce: duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara matakin teku, akwai kusan mita 40 nasa a ƙasa. Juya lissafin ka ga hatsarin. In injin ja ya sauke ruwan rijiya da mita ɗaya na tsawon lokaci, ruwan gishiri yana iya tasowa da kusan mita 40. Shi ya sa rijiyar ke zartsi da rani, lokacin da ba ruwan sama mai cike giɓi kuma kowa a unguwa yana ja. Na sha ganin wanda ya ƙara wa rijiyarsa zurfi don ya tsere wa zartsi, ya je ya faɗa tsundum cikin ruwan teku. A bakin gaɓa rijiya marar zurfi da ake ja a hankali ta fi mai zurfi da babban inji.

Harshe ba ma'auni ba ne, kafin ka ji zartsi a baki latas ya riga ya ji a jikinsa. Ka nemi 'yar mitar auna gishiri ta hannu, wadda ake kira mitar EC, tana ba da lamba a ma'aunin dS/m. Jagorar da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 1985 kan ruwan ban ruwa ta ce ƙasa da 0.7 ba matsala, daga 0.7 zuwa 3 sai da kula, sama da 3 kuwa matsala ce babba. Ruwan teku yana wajen 50. Ka auna sau ɗaya a wata har shekara ta zagayo, ka rubuta a littafi. In lambar tana haura 2 da rani, tara ruwan sama ya zama dole. Lissafinsa mai daɗi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufin kwano mai murabba'in mita 100 zai ba ka lita 1,000 daga ruwan milimita 10. Kana iya gauraya shi da na rijiya ka sauko da lambar. Kuma kada ka watsa ruwan zartsi a kan ganye, ka ba da shi a gindi, in da hali ta bututun ɗigo-ɗigo.

Hanya ta uku daga ƙasa take. In ruwan ƙarƙashi yana kusa kuma mai gishiri ne, yana hawowa kamar yadda kananzir ke bin lagwani, rana ta busar da ruwan, gishirin ya tsaya a sama kamar farin gari. A rairayi hawan ba ya da nisa, a laka kuwa yana iya wuce mita.

Labari mai daɗi game da rairayinka shi ne, rashin riƙon da ke ba ka haushi shi ne kuma yake sa gishiri ba ya daɗewa a cikinsa. Gishiri ba ya fita daga ƙasa da wani magani na kwalba, ruwa ne kaɗai ke fitar da shi, shi ma sai in yana da hanyar wucewa. Ƙiyasin da muke aiki da shi shi ne, ruwan daɗi mai zurfin santimita 15, wato lita 150 a kan murabba'in mita, yana wanke kusan rabin gishirin da ke santimita 30 na sama, ninkinsa kuma ya wanke kusan kashi 80 cikin ɗari. Bayan igiyar tsunami ta Disamban 2004 a lardin Aceh na Indonesiya, gonakin rairayi sun farfaɗo da wuri saboda ruwan sama mai yawa, masu laka da rashin magudana su ne suka daɗe.

Gangaren nan mai wari

A nan zan ja maka kunne. Ruwa ba ya tsami banza. Baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a kusa da teku tana iya zama abin da muke kira ƙasa mai tsamin farar wuta. Inda itatuwan mangurof masu tsirowa a taɓon bakin teku ko ciyawar fadamar gishiri suka taɓa rayuwa, wani ma'adini mai suna fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta, yana taruwa a cikin taɓo. Muddin yana nutse a ruwa, lafiya lau. Ranar da aka haƙa lambatu aka janye ruwan, ko aka tono lakar aka baza ta a rana, iska ta taɓa shi, sai ya koma ruwan batir a zahiri. Ma'aunin pH yana iya faɗuwa ƙasa da 4, sinadarin alminiyam ya narke ya kashe saiwa, ruwan da ya gangara ya kashe kifi. Manoman shinkafa a yankin Kasamans na Senegal, da Gini Bisau, da bakin kogin Mekong a Biyetnam sun san wannan bala'i sarai.

Na taɓa zuwa wurin wani mai lambu da ya ga baƙar lakar bayan gidansa ya ce ai wannan taki ne Allah ya ba shi a ɓagas. Ya kwashe ta a baro ya shimfiɗa a kan fangalinsa na rairayi. Bayan wata biyu ko ciyawa ta ƙi fita, ƙasar ta yi tabo-tabo masu launin bambaro, ruwan lambatun ya yi ja kamar tsatsa. Sai da muka kwashe ƙasar gaba ɗaya. Don haka kada ka tona gangaren, kada ka janye ruwansa, har sai an gwada. Gwajin gida shi ne ka ɗebi ɗan dunƙule daga zurfi, ka auna pH nan take, ka ajiye shi da danshi inda iska ke taɓa shi na mako takwas ko fiye, ka sake aunawa. In ya faɗo ƙasa da 4, a bar kaza cikin gashinta. Wari kaɗai ba hujja ba ne, kowace fadamar da ruwa ya daɗe a kwance tana iya yin sa, amma ya isa ya sa mutum ya dakata.

In gwajin ya nuna ba wannan ba ce, saura tambayar sodiyam, wani sinadari da ke cikin gishiri. Yumɓun da ya sha ruwan teku yakan riƙe sodiyam, wanda ke tarwatsa ƙwayoyinsa, ya zama kamar sabulu in ya jiƙe, kamar siminti in ya bushe. Jefa busasshen ɗan dunƙule cikin kofin ruwan sama, kada ka motsa. In hazo ya kewaye shi cikin awa biyu, sodiyam ne. Nan ne jibsam, wani farin ma'adini da ake zubawa don gyara ƙasa, ke da amfani, kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a murabba'in mita: kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana ture sodiyam, ruwa ya tafi da shi. Da shi mutanen Holan suka gyara gonakin lardin Zeeland bayan ambaliyar teku ta 1953, kuma duk da haka sai da aka ɗauki shekaru. A kan rairayi kuwa jibsam asarar kuɗi ne, ko da mai shago ya rantse maka.

Yadda zan yi da filin in nawa ne

Zan yi lambun a rairayin, bayan shinge, a fangali masu tudu na santimita 30 zuwa 45. Sayo ƙasa ba laifi ba ne don cika waɗannan fangalin, amma ba shi ne maganin ba, domin ƙasar da ka sayo in ta sha ruwan zartsi wata shida ita ma ta zama irin ta gida, har ta fi ta riƙe gishiri. Abin da rairayi ke nema shi ne ruɓaɓɓen taki, kauri santimita 5 zuwa 10 a gauraya da saman ƙasa, kuma a maimaita kowace shuka, don a ƙasa mai zafi rairayi yana cinye taki kamar wuta da kara. Kashin kaji yana da gishiri da yawa, a bar shi ya ruɓe ruwan sama ya dake shi tukuna. Garin gawayi da aka jiƙa cikin taki yana daɗewa fiye da takin kansa. Sannan a lulluɓe saman da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, don rage busar da ke jawo gishiri sama. Takin zamani kuwa kaɗan-kaɗan, sau da yawa, a kan ƙasa mai danshi. Wanda ya zuba na wata uku a rana ɗaya, rabi ya ƙone saiwa, rabi ya gangara rijiyarsa.

Ciyawar teku da igiya ke watsowa taki ce mai kyau, tana da fotash, ɗaya daga cikin abincin shuka. Mutanen tsibiran Aran na ƙasar Ayalan da ita da yashi suka gina ƙasar noma a kan falalen dutse. A ɗauraye ta ko a bar ruwan sama ya wanke ta kafin a sa. Sai dai ka tambayi hukumar gundumarku, wurare da yawa suna da doka kan kwasar ciyawar teku da yashin tudu, kuma tudun nan shi ne ke tsakanin gidanka da teku.

Zaɓin abin shuka ma yana da lissafi. Masana biyu na cibiyar binciken gishirin ƙasa ta Amurka, Maas da Hoffman, sun tattara a 1977 matakin gishirin ƙasa, a ma'aunin dS/m, da kowace shuka ke fara raguwa a kansa. Waken turawa da karas suna fara jin jiki daga 1.0, albasa 1.2, latas 1.3, tattasai da dankalin Hausa 1.5, kabeji 1.8, tumatir da kokwamba 2.5, bitirut da dabino kuwa sai wajen 4. Ka ga cikin ukun da ka dasa, biyu suna cikin masu raki. A shekarar farko ka jingina da tumatir da kabeji da bitirut, ka bar latas da tattasai a tukwane ko buhuna da ruwan sama. Tumatir da ya ɗan ji gishiri 'ya'yansa suna ƙanƙancewa amma suna ƙara zaƙi, sai dai yakan yi baƙin gindi in ban ruwa ya yi tsalle-tsalle. Kowace shuka ta fi rauni lokacin tsiro, don haka ka yi renon iri da ruwan daɗi, ka dasa bayan ya yi ƙwari. In ka shawo kan ruwa, rairayi aljannar karas da kankana da dankali ce. Filayen furannin Holan da ke tsakanin Haarlem da Leiden tsohon tudun yashin gaɓa ne. A Ghar El Melh ta Tunisiya kuma manoma suna noman dankalin turawa da albasa a kan yashin bakin ruwa, saiwa tana shan siririn ruwan daɗin da ke yawo a kan na gishiri, tsarin da FAO ta sa cikin gadon noma na duniya a 2020.

Abu ɗaya da ke son rairayi mai ɗumi kamar yadda karas ke sonsa shi ne tsutsar saiwa da ido ba ya gani. In ka tuge tumatir ka ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, ita ce, kuma alamarta a sama tana kama da ta gishiri: yaushi da rana tsaka, rashin girma. Ka tuge guda ɗaya yau ka duba kafin ka ɗora wa teku duk laifin.

Duk wannan na faɗa ne daga bayaninka, ban taka filin ba, kuma gwajin kwalba da khal ba sa maye gurbin ɗakin gwaji. Ka ɗebi ƙasa daga wuri biyar ko shida a rairayin, zurfin santimita 20, ka gauraya ta zama samfuri ɗaya. Ta gangaren ka sa ta daban cikin leda ɗaurarriya ba tare da ta bushe ba. Ka haɗa da kwalbar ruwan rijiya da aka ɗiba a tsakiyar rani, ka kai ofishin malaman gona na gundumarku, ka ce a auna maka pH da EC da sodiyam, ta gangaren kuma a duba farar wuta. In sakamakon ya fito ka aiko min da lambobin tare da zurfin da ka tarar da ruwa a ramukan nan biyu.